Ranar da aka rufe makaranta, tukunyar Inna ma aka kife

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na arewacin Jigawa, inda tafiyar awa guda a babur za ta kai mutum iyakar Nijar, kuma bana shekarata ashirin da uku da alli a hannu. Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne, duk sanda aka tashi lissafin ɓarnar da korona ta yi wa yara, a jarida ko a rediyo, karatu kaɗai ake ƙirgawa: zango nawa ya salwanta, yara nawa suka manta baƙi, jarrabawa nawa aka ɗaga. Duk gaskiya ne, a gabana aka yi. Amma akwai asarar da ba na jin ana ambato, ita ce ta ciki, kuma ita nake roƙon ka ba ni fili in faɗa, don har yau ba mu gyara abin da ya jawo ta ba.

Bari in fara da yadda muke kafin cutar. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2016 ya iso mana daga baya. Naira 70 ce aka yanka wa kowane yaro a rana, kuma 'yan aji ɗaya zuwa aji uku kaɗai ake ba. Gwamnati ta ce yara sama da miliyan 9 ne ke ci a faɗin ƙasa, masu dafawa kuma sun haura dubu 100. Daga cikin dubu ɗarin nan, tamu wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, yara na kiran ta Inna, mu ma malamai muka bi sahu. Wajen ƙarfe goma za ka hango ta tafe, jikanta na turo baro da manyan kuloli biyu a ciki, an ɗaure murafun da tsumma don kada su zame a hanya. Tun kafin ta ƙaraso ajina ya gama watsewa a zuci. Ko jadawalin sau nake biya musu, sai in ga kawuna tamanin sun karkata wajen taga kamar gero a iska. Na daina faɗa a kan wannan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma na san da yawansu ko koko ba su kurɓa ba suka fito, balle a yi zancen kuɗin tara.

Ba wani abin a zo a gani ba ne abincin. Yau shinkafa da wake da ɗan manja, gobe dafa-duka, wata ranar fate, sau ɗaya a mako kuma ƙwai. Wani lokacin kuɗin ya maƙale a hanya sai a yi mako uku ba a ga baron Inna ba, kuma ba sai an gaya mini ba, rajista ce ke faɗa: ranar ƙwai aji ya cika har wasu na zaune a bakin ƙofa, makon da babu abinci kuwa sai in kira suna in ji shiru, in kira na gaba in ji shiru. 'Yan aji huɗu sukan tsaya daga nesa suna kallo. Akwai yaron da ya taɓa samun hedimasta da kansa ya ce shi fa bai gane karatun aji huɗu ba, a mayar da shi aji uku. Muka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba.

Akwai wata yarinya a ajina, shekarunta ba su wuce takwas ba, wadda ta koya mini abin da ban karanta a kwalejin horon malamai ba. Kullum tana zuwa da wata ledar biredi a naɗe cikin hijabinta. Idan aka zuba mata, sai ta ja layi da yatsa a tsakiyar robar, ta ci gefe ɗaya, ta juye ɗaya gefen a leda ta ƙulle. Ƙwai kuwa ko ɓarewa ba ta yi. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, na ƙanena ne, an yaye shi." Tun daga ranar na soma lura, na ga ba ita kaɗai ba ce. Wannan kwano na naira 70 da aka rubuta da sunan yaro ɗaya, a ƙauye baki biyu ne ke cin sa, wani lokacin uku. Ko inda ba a kai saura gida ba, uwa ta san ɗanta ya ci a makaranta, saboda haka ɗan tuwon da ya kwana ko kunun rana sai ya isa ƙananan da ke gabanta da ita kanta mai goyo.

Sai ga watan Maris na 2020. Gwamnonin arewa maso yamma suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga ranar Litinin 23 ga wata. Ranar Juma'ar ƙarshe muka tara yara a fili, hedimasta ya yi musu bayanin wanke hannu da sabulu, yara suka yi ta murna sun samu hutu. Inna ce kaɗai ta ja ni gefe ta ce, "Malam, to wake na fa? Buhu guda na karɓo bashi, na zango ne." Na ce ta yi haƙuri, wata ɗaya ne kawai. Kwana talatin ɗin nan sai da suka zama wata bakwai, don mu sai wajen Oktoba muka sake buɗe ƙofar aji.

Ba ina cewa rufewar kuskure ba ce. Duk wanda ya ji irin jana'izar da aka riƙa yi a Kano cikin Afrilun shekarar ba zai yi saurin zargin kowa ba, mutane sun tsorata kuma da hujjarsu. Abin da nake cewa shi ne, da aka tashi rufewa an tuna da karatu, an manta da tukunya. An shirya darussa a rediyo, ni kaina na riƙa bin gidaje ina faɗa wa iyaye lokacin da ake sa su. Lissafi ya bi iska ya shiga gidaje. Shinkafa da wake ba sa bin iska.

Kuma a dubi lokacin da abin ya faɗo. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ga zafin bazara, ga kasuwar da muke ci an hana ta ci, ga hanyoyin tsakanin jihohi a toshe. Iyakokin ƙasa dama a rufe suke tun Agustan 2019, shinkafa ta riga ta yi tsada kafin cutar ta zo. Magidantan da ke ci-rani a Legas da Abuja da Fatakwal, masu acaba da masu turin ruwa da masu wankin takalmi, waɗanda aikensu na ƙarshen wata ke riƙe da gidaje, wasu sun dawo hannu rabbana, wasu sun maƙale can ba aiki ba aike. A kan haka kuma gwamnonin arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, sai ga motoci na sauke yara. Gidan da ke ciyar da mutum bakwai ya wayi gari da goma. Daga nan damina ta sauka, kuma duk manomi ya san Yuli da Agusta su ne watannin da rumbu ke nuna gindinsa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. A irin wannan lokacin ne ma kwanon makaranta ya fi amfani, kuma a lokacin ne babu shi.

Cikin marka na haɗu da yarinyar nan mai leda a hanyar gona. Tana ɗauke da farantin gyaɗa a ka, ƙanen nata goye a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ita ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma yaron ne ya tsayar mini da zuciya. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara, ƙafafunsa sun kumbura suna sheƙi, ba ya kuka ba ya wasa, idanu kawai. Na danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, na ɗaga, ramin ya zauna bai koma ba. Na tambaye ta me suke ci, ta ce kunu da safe, da dare kwaɗon tafasa ko rama, in an samu gari a yi tuwo. Washegari na ɗauki uwar da yaron a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi na garin da ke kusa. Ma'aikaciyar ta zagaya masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi. Ta ce tamowa ce mai tsanani, kuma tunda akwai kumburi sai an wuce da shi babban asibiti. Uwar ta ce ita tsoron asibiti take yi, an ce duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi ake yi. Da ƙyar muka shawo kanta. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, bayan kwanciya da makonni yana shan abincin nan na gyaɗa da ake bayarwa a ƙunshi. Yanzu yana makarantarmu, kuma idan suka yi layi da sa'o'insa shi ne a gaba saboda ƙanƙanta.

Zan yi adalci a nan, don kada wani likita ya karanta ya ce malam ya zaƙe. Rabin kwanon shinkafa da ƙwai ɗaya a mako ba su ne maganin tamowa ba, kuma masana sun ce tsumburewar yaro tun daga ciki zuwa shekara biyu take kafuwa, kafin ya san hanyar makaranta. Matsalar tamu ta girmi korona. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kashi 57, a nan Jigawa ma fiye da kashi 60. Kusan yara bakwai cikin goma kuma na da ƙarancin jini. Amma ai wannan shi ne dalilin maganata. Mutumin da ke tsaye a bakin rijiya ba ya bukatar a ture shi da ƙarfi. Gidan da tuwo da miyar kuka ne abincinsa shekara da shekaru, waken makaranta da ƙwan nan su ne kusan duk abin gina jiki da ke shiga cikinsa. Haka kuma maganin tsutsar ciki da aka saba raba wa yara a aji, shi ma ya tsaya da aka rufe, ga yara suna yini cikin taɓo da ruwan kududdufi.

Daga baya na fahimci abin da na gani a ƙauyenmu ɗigo ne a cikin kogi. Hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta ce kafin cutar yara miliyan 388 ne ke cin abinci a makaranta a duniya, kusan ɗaya cikin kowane 'yan firamare biyu, kuma a watan Afrilun 2020 miliyan 370 daga cikinsu sun rasa shi. A Janairun 2021 ita da UNICEF suka ƙiyasta kwanon abinci sama da biliyan 39 da yara ba su ci ba tun fara rufewar. Sai dai rashin ba ɗaya ba ne. Yaron Faransa da ya rasa abincin makaranta ya koma gida ya buɗe firij. Yaron Uganda, inda makarantu suka zauna a kulle daga Maris 2020 har Janairun 2022, kusan shekara biyu cur, me ya koma ya tarar? Ko da aka buɗe ma, rahoton WFP na 2022 ya nuna duniya ta farfaɗo har ta zarce, yara miliyan 418, amma ƙasashe matalauta ba su koma inda suke a da ba, kuma a cikinsu kashi 18 cikin ɗari ne kawai na 'yan makaranta ke samun abincin, alhali a ƙasashe masu arziki kashi 61 ne. Inda yunwar ta fi yawa, nan tukunyar ta fi ƙanƙanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an ga waɗanda suka nuna cewa ana iya rufe aji ba a kife tukunya ba. A Brazil, tun cikin Afrilun 2020 aka yi doka ta ba da damar raba wa iyaye kayan abincin makaranta su kai gida. A jihar Kerala ta Indiya ma'aikata suka riƙa kai kayan har ƙofar gida. A Afirka ta Kudu da gwamnati ta yi jan ƙafa, wata ƙungiyar fafutukar ilimi da hukumomin wasu makarantu suka kai ta ƙara, kuma a Yulin 2020 babbar kotu a Pretoria ta umarta a ci gaba da ciyar da yara kimanin miliyan 9, suna zuwa aji ko ba sa zuwa. Ko a Ingila mai arziki sai da ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford, wanda yaran ƙauyenmu ke rubuta sunansa a bayan riga, ya tsaya kai da fata a watan Yuni kafin gwamnati ta janye ta yarda ta ba yara sama da miliyan ɗaya takardar sayen abinci a lokacin hutu. Shi ya ce ya san yunwar, don da abincin makaranta ya tashi. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa gajarta abin suka yi, a farkon Yuni suka mayar da yara aji. Ɗan'uwana da ke koyarwa a wajen Damagaram ya kira ni a lokacin yana tsokanata, wai mu manyan yayye har yanzu muna barci.

A nan gida ma an gwada. A tsakiyar Mayun 2020 gwamnatin tarayya ta fara rabon kayan kai-gida ga iyayen 'yan aji ɗaya zuwa uku: shinkafa kilo 5, wake kilo 5, man gyaɗa, manja, gishiri, tumatirin gwangwani da ƙwai 15, abin da aka yi wa kuɗi naira 4,200. Bayanin da aka bayar daga baya ya nuna an kashe sama da naira miliyan 500 a kan gidaje dubu ɗari da ashirin da wani abu a Abuja da Legas da Ogun. An yi ta surutu a lokacin, mutane na tambayar yadda za a ciyar da 'yan makaranta ba makaranta. Ni ban ga abin dariya a tunanin ba, tunani ne mai kyau, shi ne ma abin da ya dace. Inda na tsaya shi ne, jihohin da suka fi kowa yawan yara masu tamowa ba su ne a farkon layi ba. Sannan a Oktoban shekarar kowa ya ga yadda jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, buhuna jibge har rufi. Ban goyi bayan wawaso ba. Amma da na ga hotunan a wayar wani abokin aikina, ƙafar yaron nan ce ta faɗo mini a rai.

Da muka koma a Oktoba, ajina bai cika ba. Wasu sun bi iyaye girbi, wasu an tura su gabas karatun allo, 'yan mata da dama talla ta riƙe su, don uwar da ta saba da cinikin awara na kullum ba ta sakin 'yarta saboda makarantar da ko abinci babu. Waɗanda suka dawo kuma, ban da mantuwa, sai gyangyaɗi tun ƙarfe goma. Mun yi ta bin gida gida, kuma tambayar da iyaye mata suka fi yi mana daga bayan zana ita ce, "Malam, an dawo da abincin?"

Wani zai ce ai korona ta wuce, me ya kawo tone-tone? Abin da ya kawo shi ne rufe makaranta bai wuce ba. Wata biyu da komawarmu aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a Disambar 2020. Aka bi da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Tegina a Mayu. Bayan kowace ɗaya, jihohi kan rufe makarantu da dama, wasu na makonni wasu na watanni. Ambaliya ma kan rufe, ko ta mayar da azuzuwa masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, kamar yadda muka sha gani a kwarin Haɗeja. Shirin ciyarwar shi kansa, da aka ce an ƙara kuɗinsa zuwa naira 100, an dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024, a daidai lokacin da kwanon masara ya fi ƙarfin talaka. A duk waɗannan sanarwoyi na rufewa da na saurara, ban taɓa jin wadda aka ce ga inda yara za su karɓi abincinsu ba.

Roƙona ga masu iko ba mai tsawo ba ne. Duk takardar da za ta ce a rufe makaranta, a rubuta a jikinta yadda abincin zai bi yaro gida. Ba sai an ɗauko baƙi daga birni da sabon fom ba. Rajista na hannunmu, mun san gidan kowane yaro, mun san wanda uwarsa ke goyo da wanda ubansa ya rasu. Masu dafawa suna nan cikin gari. A ba su hatsi da wake a auna wa iyaye mata da kwano a gaban mai unguwa da shugaban kwamitin makaranta, sau ɗaya a mako biyu, a sayi kayan kuma a hannun manoman yankin kamar yadda shirin ya yi alkawari tun farko. A haɗa da ma'aikacin lafiya ɗaya da tef ɗinsa, ya auna damtsen ƙannen da aka goyo zuwa wurin rabon, don su ne ba sa cikin rajistar kowa.

Kai kuma Malam Edita, idan za ka tura wakilinka, kada ya tsaya a ofis. Ya nemi masu dafa abincin nan ya zauna da su a tsakar gida, su ne suka san lissafin. Tamu Innar ta biya bashin waken nan da akuyarta. Kulolin biyu suna nan, haya take ba da su idan ana biki ko suna, baron kuma jikanta na ɗiban ruwa da shi. Shekaranjiya na wuce ta ƙofar gidanta tana tsince zogale, ta ɗago ta ce, "Malam, yaran nawa fa, wa ke ba su yanzu?" Na gaishe ta na wuce.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin aji biyu,
daga arewacin Jigawa